Yadda zaka zama kocin rayuwar wani ba tare da ka koma mai wa'azi ba

Wannan abin da 'yan boko ke kira kocin rayuwa mu a ƙauye dama muna da shi, kowa yana da babban da yake kai wa kukansa, ko kawu ko malamin allo ko ubangidansa na kasuwa. Matsalar kawai bakinmu manya baya rufuwa, yaro yazo da magana ɗaya mu zazzage masa goma, yace toh toh, ya tashi ya kaɗe wando, ko ɗaya bazai yi ba.

Ni na ɗanɗana. Ɗan yayata ya gama sakandare yana zaune a ƙauyenmu ta wajen Gumel, nace ya fara turkar rago, har ni na zaɓo masa ragon a Maigatari ranar Alhamis. Wata biyu rago ya koma ƙashi da fata, ba dusa ba harawa, da na fara faɗa sai yace "Kawu, ai kai kace." Wallahi na rasa amsa, don gaskiya ya faɗa, ragon nawa ne igiyar kawai ke hannunsa.

Toh in zaka yi, ku fara da yarjejeniya. Ku tsayar da rana, misali duk Asabar bayan la'asar, rabin awa ta isa, kuma ba a majalisa ko teburin mai shayi ba, ku samu gindin darbejiya ku biyu. Ka tabbatar masa abin da ya faɗa ko babansa bazai ji daga bakinka ba. Sannan ka cire maganar rance tun farko, da zarar yana hangen aljihunka sai abin da kake son ji zai dinga faɗa maka. In yarinya ce a bar wa yayarta ko gwaggonta, yafi tsafta.

Zaman kansa tambayoyi huɗu ne, wani Bature ɗan Ingila John Whitmore ya yaɗa su a 1992, shi fa tsohon direban tseren mota ne ma. Me kake so? Yanzu me ke hannunka? Waɗanne hanyoyi kake gani? Wanne zaka yi kafin mu sake zama?

Ta farkon ita ce mai wuya. Zai ce "ina so in samu na kaina", wannan ba amsa bace, kowa ma yana so. Ka bishi a hankali har ya kawo abu mai suna da lokaci, kaza nake so kafin kaka ko kafin Babbar Sallah. In yayi shiru kar ka cike masa, ni goro nake jefawa a baki don kar in yi magana, shirun nan yana da nauyi amma daga cikinsa gaskiyar take fitowa. Haka nawa yaron ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, can yace shi cajin waya yake so da sola, ashe ya jima yana lura da yadda mutane ke bai wa 'yan acaɓa wayoyinsu a kai gari a yi caji. Ni ko a mafarki ban kawo wannan ba.

A ta uku ka sa ya lissafo hanya aƙalla uku da kansa, adashi ne, ƙodago ne a gonar riɗi, ko sayar da ragon. Taka shawarar ta zo a ƙarshe, kace "in faɗi nawa ganin?" ka ajiye ta cikin nasa, in bai ɗauka ba kar ka ɗaure fuska.

Aikin sati ya zama ƙarami, na ɗan yayata na farko shine yaje Gumel ya tambayo kuɗin fanel da batir a shago biyu. In ya dawo bai yi ba banda "ban faɗa maka ba", kace me ya tare ka, ku rage aikin. Kai ma ka tambayeshi ko akwai inda kake takura masa, kunya zata hanashi faɗa da fari, nawa sai zama na huɗu yace "Kawu kana katse ni."

In kuma ka ga abin ya wuce rashin tsari, baya barci, ya daina shiga mutane, ko ƙwaya ta shigo, wannan ba na gindin darbejiya bane, ka nemi yardarsa ku shigo da iyaye a kaishi asibitin ƙwaƙwalwa, akwai a Kazaure akwai a Dawanau.