Yadda za ki zaɓi wuƙar gyaran kifi ta Japan

Da farko ki san aikin da za ki yi da ita. In kifi ɗanye za ki fede, ki cire kai, ki raba tsoka da ƙaya, wuƙar da ake kira deba za ki nema. Gajeriya ce mai kauri da nauyi. Yanagiba doguwa ce siririya, ta yanka tsokar da aka riga aka cire ce kawai.

Sai tsawo. Deba mai santimita 15 zuwa 18 ta ishi girkin gida.

Na uku, kuma nan ne aka fi yin kuskure: gefe ɗaya kaɗai ake wasa deba. Yawancinsu na hannun dama ne, don haka in ke bahaguwa ce, ki nemi ta hagu tun farko.

Ki duba ƙarfen. Nau'in ƙarfen da ake kira shirogami yana kaifi sosai, amma ki bar shi da jiƙa na ɗan lokaci, tsatsa ta kama shi. Ni na fi son mara tsatsa ga mai girki kullum.

Ki riƙe ta ki ji nauyinta a hannu. Maƙeran garin Sakai, kusa da Osaka, sun yi suna wajen ƙera ta.

Ki haɗa da dutsen wasa wuƙa mai lamba 1000, wato mai matsakaicin laushi, kuma kada ki sare kifi mai ƙanƙara da ita, bakin zai ɓare.