Yadda ake gyara karayar kafaɗa da ta ƙi kamawa ko ta kama a karkace

Ƙanena ɗan dako ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Wata rana ya zamo daga kan motar albasa, ya faɗi ta kafaɗar dama, ƙashin damtse ya karye can sama, dab da gaɓar kafaɗa. Aka kai shi wurin wani mai ɗori, aka ja, aka ɗaure. Wata biyar cur yaron nan ba ya iya kai loma baki da dama, in zai ɗaga hannu don kabbara sai ya tallabo gwiwar hannun da hagu. Irin wannan ya yi yawa cikin 'yan dakonmu da 'yan acaɓa na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago, shi ya sa zan shimfiɗa hanyar da muka bi har aka yi masa aiki.

Matakin farko, ka yarda ƙashin bai kama ba. Yawancin karayar wannan wuri ba ta buƙatar tiyata, rataye hannu ake yi a wuya, cikin mako 6 zuwa 12 ƙashi ya haɗe. Amma in an haura wata uku ciwo bai sauka ba, hannu ba ya ɗaguwa, ko kana jin wani abu na motsi ƙasa da kafaɗa, to kar ka koma a sake ja. Mu nan muka yi sake, muna ta cewa "a ƙara haƙuri", alhali kafaɗar na ƙara sandarewa.

Na biyu, ka nufi asibitin da ke da likitocin ƙashi. A Legas akwai asibitin ƙashi na tarayya da ke Igbobi a kan titin Ikorodu, takwaran na Dala da ke Kano, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, da na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Ka yi sammako, ka riƙo duk tsohon hoton ƙashin da aka taɓa yi maka. Ka faɗa wa likita gaskiya cewa an yi ɗorin gida, da tsawon lokacin da aka ɗaure.

Na uku, bincike. Za a yi hoton ƙashi, galibi a ƙara da siti sikan, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi dalla-dalla, don a ga yawan ƙashin da ya rage a kan damtsen. Za a ɗebi jini a duba ko ƙwayar cuta ta shiga wurin, domin ƙashi mai mugunya ba ya kamawa sai an fara kashe cutar. Likita zai shafa gefen kafaɗarka ta waje ya tambaya ko kana ji. Jijiyar da ke motsa tsokar kafaɗa yake gwadawa, ka amsa masa daidai.

Kafin ranar aiki, mai shan taba ya ajiye ta, don tana hana ƙashi haɗuwa. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa. Ka nemi a rubuta maka kuɗin ƙarfen da za a saka a ƙashin daban da kuɗin aiki, ka kuma tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini in an buƙata.

Sai zaɓen irin aikin, kuma nan ne ya kamata ka zauna da likita ka yi tambaya har ka gamsu. Idan kan ƙashin nan mai kama da ƙwallo yana da rai, jini na isa gare shi, ana buɗe wurin a kankare tsokar tabo da ta shiga tsakanin karayar, a daidaita ƙashi, a ɗora faifan ƙarfe a ɗaure da kusoshi. Sannan a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugun mutum a cusa a giɓin, kamar taki ne ga shuka. Wannan aka yi wa ƙanena, kuma kwanakin farko ƙugun ya fi kafaɗar damun sa. Idan kuwa ƙashi ya kama amma a karkace, har yana tokare hannu, ana iya yanke shi a miƙar, a sa ƙarfe.

Wani lokaci kan ƙashin ya riga ya mutu saboda jini ya yanke masa, ko ya ruguje, musamman ga dattawa masu ƙashi mara ƙwari. A nan gaɓar roba da ƙarfe ake sakawa. Akwai wadda ake canza kan damtse kaɗai. Akwai kuma juyayyiya, wadda likitan Faransa Paul Grammont ya fito da ita a 1985: ƙwallon a kafe shi a allon kafaɗa, kwarmin a kan damtse, sai babbar tsokar kafaɗa ta ɗauki aikin ɗaga hannu. Tana da tsada, kuma ba ta son kaya masu nauyi, don haka matashi mai cin abinci da ƙarfinsa ya tambaya ko akwai hanyar ceto ƙashinsa na asali.

Mataki na ƙarshe shi ne gashin ƙashi, kuma wallahi shi mutane suka fi wasa da shi. Hannu zai zauna a rataye kamar mako huɗu zuwa shida, amma yatsu da gwiwar hannu ana motsa su tun farko. Daga nan likitan gashin ƙashi zai koya maka sunkuyawa ka saki hannu yana lilo a hankali, sai a riƙa ɗaga maka shi, sai ka fara ɗagawa da kanka, kana tafiya da yatsu a jikin bango. Ƙanena alli ya samu yana ja wa bangon ɗaki layi duk Juma'a, ya ga inda yatsunsa suka kai. In ka ga zazzaɓi, ko ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, ka koma asibiti a ranar.

Kaya mai nauyi kuwa sai hoto ya nuna ƙashi ya kama, likita ya ba da izini, kuma ƙarfin hannu kan ɗauki kusan shekara kafin ya gama dawowa. Mu dai mun haɗa masa ɗan jari, ya zauna tireda a Agege kafin nan. Ranar da ya fara cin tuwo da hannun dama, Inna na kallon sa ta waya daga gida, sai hamdala take yi.