Aikin canjin ƙugu in ba ka da inshora: inda za ka je da yadda za ka haɗa kuɗin

Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ce ƙugun nan ya cinye sai dai a sa ƙarfe, tambayar farko da kowa ke yi ita ce nawa ne, toh kuma nan ne mutane ke fara ruftawa, don adadin da za a faɗa maka a tsaye a bakin ƙofa kusan kullum ba shi ne duka kuɗin ba. Wani kuɗin ƙarfen kawai ya faɗa maka, wani kuɗin tiyata ya faɗa ban da ƙarfe, kai kuma ka koma gida ka sayar da fili a kan wannan lissafin, sai an kwantar da mara lafiya sannan takardun biya su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aikin nan na miliyoyi ne ko a asibitin gwamnati, saboda haka kar ka fara tara kuɗi sai ka san ainihin abin da za ka biya ma.

Fara da sanin wane irin aiki ne. In tsoho ne ko tsohuwa ta zame a banɗaki wuyan ƙashin cinya ya karye, wannan ba ya jira, cikin 'yan kwanaki ake so a yi, don kwanciyar kanta ita ke kashe tsofaffi, gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini. Irin wannan sau da yawa rabin aiki ake yi, a canza kan ƙashin kawai a bar kwarmin da yake juyawa a ciki, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Don Allah irin wannan karayar kar a kai ma mai ɗori, ban raina masu ɗori ba amma wurin yana can ciki ne inda kara da tsumma ba sa kaiwa, wata uku za a ɓata a dawo asibiti ƙafa ta gajarce kuɗi kuma sun ragu. Amma in amosanin gaɓa ne na shekaru, ko kan ƙashin ne ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi, wanda mun fi gani a wajen masu sikila da kuma masu shan maganin ƙiba na kemis irin su deksa, toh a nan cikakken aiki ake yi, kai da kwarmi duka, kuma kana da lokaci, wata biyu ko shida na haɗa kuɗi ba zai ɓata komai ba in dai likita ya ce haka. Ga matashi mai sikila ka tambaya ma ko abin bai yi nisa ba, don in kan ƙashin bai riga ya lotsa ba akwai ƙaramin aikin da ake huda ƙashin a rage matsi, ya jinkirta babban aikin.

Mu a Zariya Allah ya rufa mana asiri da asibitin koyarwa na ABU a Shika, akwai sashen ƙashi, akwai likitocin jini, akwai bankin jini, ga kuma asibitin ƙashi na Dala a Kano wanda tun safe ka hau mota a Kwangila ka je ka dawo a ranar. Ni shawarata ka ga manyan likitoci biyu a wuri biyu daban kafin ka yanke, ka ɗauki hotunanka da kanka ka je, kuɗin kati da na mota ba komai ba ne a kan abin da za ka kashe. Asibitin gwamnati ya fi araha amma akwai layi, kuma yajin aiki na iya faɗowa a ɗage maka rana, na kuɗi a Kaduna ko Kano ko Abuja sun fi sauri sun fi tsada, kuma sau tari likitan da za ka gani a can shi ne dai na asibitin koyarwar ya zo da yamma. Abin da za ka duba ba tayil da esi ba ne. Ka tambayi likitan kai tsaye, cikin ladabi, ranka ya daɗe irin wannan aikin kamar nawa kake yi a wata, kuma in matsala ta taso da daddare wa zan samu? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar. Ka tabbatar ƙwararren likitan ƙashi ne da ya gama horon kwansaltan, ba wanda ke yin komai da komai ba, ka kuma tambaya ko akwai likitan sa barci da ke wurin kullum da ɗakin kulawa ta musamman. In mai sikila ne kam ni ba na ma son jin zancen ƙaramin asibiti, don sai likitan jini ya shirya shi, wani sa'in har ƙarin jini kafin a shiga.

Yanzu zancen ƙarfen, wanda shi ne ke cin kaso babba. Ba a ƙera shi a nan, daga waje ake shigo da shi, shi ya sa tun da aka saki naira a 2023 farashinsa ke bin dala, abin da aka faɗa ma maƙwabcinka bara ka manta da shi. Akwai wanda ake kafawa da wani irin siminti na ƙashi, an fi yi ma tsofaffi masu raunin ƙashi kuma yawanci ya fi sauƙi, akwai mara siminti wanda ƙashin ke tsirowa ya kama shi da kanshi, an fi sa ma masu ƙuruciya. Kan kuma ko na ƙarfe ko na tangaran, yana juyawa cikin wata roba mai tauri. Za ka ji sunayen kamfanoni irin su Zimmer Biomet da Stryker da DePuy, akwai kuma na Indiya da Sin masu rangwame, kuma ba wai duk mai araha ne banza ba, abin shi ne likitan ya saba da shi kuma kayan gyaranshi na samuwa a ƙasar nan. Tun da wani likitan Ingila John Charnley ya daidaita wannan aikin a farkon shekarun 1960 ake ta inganta shi, yanzu mai kyau kan kai shekara 15 zuwa 20 har fiye, amma fa ka yi lissafi, yarinya 'yar shekara 25 in an sa mata yau akwai yiwuwar sai an sake wata rana, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada nesa ba kusa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ragin da za ka samu a kan ƙarfen da ba a san asalinshi ba ba riba ba ce. Ka ce a rubuta maka sunan kamfani da samfurin, bayan aiki kuma ka karɓi sitikar da ke jikin kwalin ka adana tare da takardun gida.

Sai ka zauna da su a rubuta maka komai a takarda mai hatimi: ƙarfe, ɗakin tiyata, allurar baya ko ta barci, gwaje-gwaje kafin aiki na jini da suga da zuciya da fitsari, ledar jini nawa za a tanada, gado kwana nawa kuma aminiti ne, wato ɗaki na musamman, ko babban ɗaki, magunguna har da na hana daskarewar jini da za a ci gaba da shi makonni bayan sallama, gashin ƙashi zama nawa, hoton bayan aiki. Ka tambaya wannan farashin zai tsaya har yaushe, ka kuma tambaya in ciwon ya yi ruwa ko ƙugun ya goce aka koma tiyata wa zai biya. Duk abin da ya fito ka ɗora wani abu a kai na ko-ta-kwana, ni dai da a ce ni ne ba zan yarda a sa rana ba sai ina da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a gefe. Jini kuma ka tara 'yan uwa da abokai su bayar tun da wuri, wannan kaɗai ya rage maka kashewa.

Wajen biya, asibitin tarayya ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi zuwa asusun gwamnati, ake biya ko a wurin karɓar kuɗi na asibitin, ka karɓi rasit, duk wanda ya ja ka gefe ya ce turo a asusuna zan gaggauta maka, ka ce mishi na gode. In dillalin kamfani ne zai kawo ƙarfen shi ma rasit da sunan kamfani, kuma likitanka ya sani.

Haɗa kuɗin kuma, ka fara da taron dangi a zaure a faɗi adadi ƙarara a ɗora ma kowa nashi da rana, "za mu gani" ba ta sayen ko allura. Ma'aikaci ya duba kofaretib ɗin wurin aikinshi, na jami'a da na kwalejoji suna ba da rance ba ruwa ko kuma da ruwa ɗan kaɗan, mata a roƙi uwar adashi a ba ku ɗauka ta farko. In dabba ko hatsi za a sayar a duba lokaci, rago gab da babbar sallah, masara kuma ba da kaka ba. Zakka halas ce ga wanda ciwo ya ci ƙarfinshi, ka kai takardar asibiti wurin limami ko kwamitin unguwa ba kunya a ciki. A asibitin koyarwa akwai ofishin walwalar marasa lafiya mai duba masu ƙaramin ƙarfi, mutane da yawa ba su ma san da shi ba, ka je ka gabatar da kanka. In za a nemi taimako a Facebook a sa takardar asibiti ta gaskiya, asusu guda ɗaya, kuma a sanar in kuɗi sun cika. Manhajojin bashi na waya kuwa ka guje su, ruwansu ya fi ciwon zafi. Ka leƙa ofishin hukumar inshorar lafiya, NHIA ta tarayya ko KADCHMA ta jihar Kaduna, ka ji me za su ɗauka in ka yi rajista yanzu, amma ka sani akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki kuma ba kowane babban aiki suke ɗauka gaba ɗaya ba, ko gwaji da magani suka rage maka dai an samu.

Masu cewa a tafi Indiya ko Masar, eh akwai ƙwararru a can, amma ka haɗa da biza da tikitin mutum biyu da masauki na makonni da rabon dillali, ga doguwar tafiyar jirgi bayan aiki mai ƙara haɗarin daskarewar jini, sannan in ka dawo Samaru wata biyu ciwo ya fara ruwa likitan naka yana wata ƙasa.

Abin da kusan kowa ke mantawa a lissafi shi ne gida. Aikin kanshi awa ɗaya zuwa biyu ne, washegari ma ana iya tayar da mutum ya taka da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, amma makonni shida zuwa wata uku na farko ba tsuguno, ba zama a tabarma, ba harɗe ƙafa, ba hawa acaɓa. Kenan masan tsuguno ba zai yi ba, ko a sa na zama ko a sayi kujerar bahaya mai tsayi, katifar ƙasa a ɗora ta a gado, sallah a kan kujera har sai likita ya ba da izini, alwala ma sai an taimaka wajen wanke ƙafa. Wanda zai yi jinya shi ma zai bar sana'arshi na wani lokaci, a sa wannan a lissafi, da kuɗin shatar mota zuwa Shika duk ranar gashi ko ganin likita. Kafin aiki a daidaita suga da hawan jini, a cire ruɓaɓɓen haƙori in akwai, mai shan sigari ya ajiye. Bayan an dawo gida in aka ga zazzaɓi, ko wurin ɗinki na fitar da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara sama-sama, ba kemis za a je ba kuma ba a jira ranar da aka rubuta a kati, a ɗauke shi a ranar a koma inda aka yi aikin.