Daga Bariki Zuwa Sana'ar Gyaran Itatuwa a Damagaram

Sojan da ya ajiye kaki a Damagaram yakan fara tunanin aikin gadi ko tuƙin mota, alhali ga wata sana'a tsaye a bakin kowane titi, daga Birni har Zango, wato rage rassan itatuwa, cire ruɓaɓɓen reshe, da saukar da itacen da ya sunkuyo kan gida ba tare da ya rushe katangar maƙwabci ba. Dogon yaron da aka dasa shekaru da dama ya haura rufin kwano da wayoyin lantarki, kuma iskar farkon damina, a watan Mayu da Yuni, ba ta wucewa sai ta karya wasu.

Kafin ka sayi ko da zarto, fara zuwa ofishin ma'aikatan gandun daji ka gabatar da kanka. Dokar gandun daji ta 2004 ita ce ke tsara saran itace a Nijar, kuma akwai itatuwa masu kariya, kamar gawo, kuka, tsamiya da giginya, waɗanda ba a kai musu gatari sai da izini. Itacen bakin titi kuwa, a sanar da ma'aikatar magajin gari, sannan idan reshe ya kusanci waya, kada ka hau sai kamfanin wutar lantarki, NIGELEC, ya yanke wuta.

Bayan haka ka nemi gwani ka bi shi, ka yi aƙalla rani guda kana aiki daga ƙasa, kana riƙe igiya, kana jan rassa, kana hana yara da babura shiga ƙarƙashin itace. Nan ne abin yake yi wa tsohon saje nauyi, domin mai ba shi umarni daga sama wataƙila sa'an ɗansa ne. A ganina jarumtar bariki ba ta da wani amfani a kan reshe. Abin da zai yi maka rana shi ne ɗabi'ar duba kaya kafin fita, kamar yadda ka saba duba bindiga, da kuma ƙa'idar rashin fita aiki kai kaɗai.

Kayan farawa ba su da yawa: zarton hannu mai kaifi, adda, barandami, tsani, igiyoyi biyu masu ƙarfi, ɗamarar hawa, hular kwano, tabarau da safar hannu. Igiyar da ke riƙe da kai daban, wadda ke saukar da reshe daban. Kada ka zuba kuɗin sallamarka duka a zarton inji tun ranar farko. Idan lokacinsa ya yi, ka sani cewa injin Stihl ko Husqvarna yana shan fetur da aka gauraya da man inji irin nasa, kashi 50 da kashi 1, wato mililita 100 na man a lita 5 na fetur, kuma ba a yanka da can ƙarshen takobinsa, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, ko a ɗaga shi sama da kafaɗa, saboda yakan yi tsalle ya dawo kan fuskar mai shi.

Kafin hawa, ka zagaya itacen, ka buga gindinsa da ƙeyar gatari. Idan ya amsa kamar ganga, cikinsa ya zama kogo. Ka ɗaga kai ka duba kogo, domin zuma takan zauna a kuka da tsamiya.

Babban reshe kuwa sau uku ake yanka shi. Da farko ka yanka daga ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin itacen, har zarto ya ci sulusin kaurinsa. Sai ka ɗan matsa gaba ka yanka daga sama, reshen ya faɗi ba tare da ya ɓare ɓawo ya yage jikin itacen ba. Na ukun shi ne cire guntun da ya rage, dab da kumburin nan da ke wuyan reshe, amma a bar kumburin, domin daga nan ne sabon nama ke tohowa ya rufe ciwon. Kada a rage fiye da rubu'in ganyen itace a lokaci guda, ko da mai gida ya ce a aske shi ƙwalƙwal. Rassan da ke fitowa bayan irin wannan aski masu rauni ne, su ne iska ke fara karyawa.

Aikin bai tsaya a cikin gari ba. A Magarya, Matamaye da Mirya, inda sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka toho da kansu a gona su girma, ya cika gonaki da gawo, manoma suna buƙatar mai rage rassa da hankali, tunda gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci.

Wajen ciniki, kada ka faɗi farashi sai ka ga itacen da idonka, kuma a gama magana a gaban shaida kan jaka nawa za a biya, wa zai kwashe ganye, da wanda zai ɗauki itacen wuta, domin shi ma kuɗi ne.