Kurakuran da aka fi yi wajen jera ado a saƙar ƙwarya-ƙwarya, da yadda ake gyara su

Masaƙi yana zaune ne da ƙwarya ɗaya a gabansa, wato dogon siririn ƙyallen da yake saƙawa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Mai saye kuwa zane ko gwado yake warewa, ƙwarya 11 ko 12 a haɗe. A wannan tazarar yawancin ado ke lalacewa. Kowace ƙwarya ta fito tsaf ita kaɗai, amma da tela ya haɗa sai ratsi ya kumbura a wurin ɗinki, gidajen ado su ƙi haɗa kai, wannan ya haye wancan ya sauka. Ko leppi ake saƙawa irin na Fulanin Marwa a arewacin Kamaru, ko gabaga da aka sani a Cadi da ƙasar Barno, ko saƙi da luru na Hausawa, lissafin guda ne: zanen gaba ɗaya ake tsarawa tun kafin waɗari, wato jera zaren tsaye kafin a fara saƙa, sannan a rarraba shi kan ƙwarya.

Ratsin tsaye: kuskuren da ake yi tun a waɗari

Ɗauki ƙwarya mai faɗin santimita 10, sili 16 a kowane santimita, wato sili 160 ke nan. Mai koyo ya zaɓi gaɓar ado mai sili 24, shuɗi 16 da fari 8, ya kama waɗari bai raba ba. Gaɓa 6 za su cinye sili 144, saura 16. Sai ya cike da shuɗi, ya ga ƙwaryar ta fara da shuɗi ta ƙare da shuɗi, ransa ya yi fari. Ranar haɗi shuɗin bakin wannan ya gamu da shuɗin bakin waccan, ratsi ya zama sili 32, ninki biyu na 'yan'uwansa, kuma haka zai riƙa fitowa a kowane ɗinki har ƙarshen zanen.

Gyaran abu biyu ne. Na farko, yawan sili ya rabu da gaɓa ba saura: ko dai a ƙara zuwa 168 don gaɓa 7 su shiga, ko a rage gaɓar ta koma sili 20, shuɗi 12 da fari 8, ta shiga sau 8 cif. Na biyu, a raba ratsin baki gida biyu. A fara da shuɗi 6, sai fari 8, shuɗi 12, fari 8, haka har a rufe da shuɗi 6. In an haɗa, 6 da 6 sun ba da 12, ido ba zai gane inda aka ɗinka ba. A ƙara sili 2 a kowane baki, rabon allura ke nan. Idan telan ɗora baki kan baki yake yi, ba gwama su ba, ɗinkinsa ya fi cin zare, sai a tambaye shi nawa yake ci kafin a yi waɗari, ba bayan an sauke saƙa ba.

Akwai kuma kuskuren allera, wato abin da ake zura zaren tsaye a ciki don ya riƙa ɗaga shi yana sauke shi, kuskuren da ya fi addabar masu saƙi da sauran ado mai ƙananan ido. Allera biyu ce a masaƙar nan: sili na 1, 3, 5 a ɗaya, na 2, 4, 6 a ɗayar. Duk wanda ya jera shuɗi ɗaya fari ɗaya, shuɗin gaba ɗaya ya tafi allera guda, don haka in zaren tsaye ya yi cunkoso ratsin kwance zai gani, ba na tsaye ba. In kuma sili biyu masu launi ɗaya suka biyo juna bisa kuskure, daga nan zuwa bakin ƙwarya adon ya juye. Kafin a yi nisa, a taka mataki a buɗe baki a duba jerin launi sili-sili, a saƙa kamar santimita 5 a kalla da kyau. A wannan lokacin sake zura sili biyu ne kawai. Bayan mita 10 kuwa babu magani.

Gidan kwance: ƙirga jifa kaɗai ba ya isa

Nan ne aiki ya fi ɓaci, kuma ƙwararru ma ba su tsira ba. Masaƙi ya ce gidan ado jifa 120 ne, ya riƙa ƙirga jifan ƙoshiya, wato abin da ke ɗauke da zaren kwance, da gaskiyarsa, amma gidajen su fito ba tsawo ɗaya ba. Dalilan suna da yawa. Bugun matsefi da safe ya fi na azahar ƙarfi, balle a zafin Maris da Afrilu na Garwa da Marwa, lokacin da hannu ke saki tun hantsi. Abawar da aka kaɗa da hannu wani wuri kauri wani wuri siriri, kwarkwaro ɗaya ma bai zama daidai da na bayansa ba. Ɗaurin zaren tsaye shi ma yana canzawa: kunkuru, wato katakon da ake ɗora wa dutse don ya ja zaren tsaye, yana nesa zare na da ɗan sassauci, yana matsowa ya ƙara tsauri, in an mayar da shi baya ko an canza dutsen da ke kansa, komai ya sake.

Bambancin milimita 2 a gida ɗaya ba ya ganuwa. Amma in kowane gida ya ƙaru da milimita 2, a gida 19 an kusa santimita 4. Ƙwaryar da ta yi haka, in aka jera ta da wadda ba ta yi ba, farkonsu zai haɗu, tsakiya ya fara zamewa, ƙarshe kuwa kusan rabin gida mai santimita 10 ya goce.

Maganin ma'auni ne, amma akwai yadda ake riƙe shi. Da yawa suna yanka ɗan kara mai tsawon gida ɗaya su riƙa aunawa daga ƙarshen gidan da ya wuce. Wannan tara kuskure yake yi, domin kowane gida yana gadon gociyar na bayansa. A samu tsiri na yadi marar miƙewa, ko igiya mai ƙarfi, mai tsawon ƙwarya guda cikakkiya, a yi mata alama a farkon kowane gida da ƙarshensa. A maƙale ta da fil a farkon ƙwarya, ta riƙa naɗewa tare da saƙar. Kowane gida da farkon ƙwarya ake gwada shi. In wannan ya ɗan zarce, a rage jifa ɗaya ko biyu a filin da ke binsa, ba a cikin adon ba, don fili ya fi ɓoye gyara. Ma'auni ɗaya za a yi amfani da shi har ƙwarya ta ƙarshe, kuma kullum a auna zare yana ɗaure, kada yau a ɗaure gobe a sake.

Ƙirga jifa tana nan da amfaninta a cikin adon kansa, inda siffa ke bukatar adadi tsayayye. Tsawo kuwa na ma'auni ne.

Zane a takarda da abin da masaƙa ke bayarwa

Littafin 'yan makaranta mai layin gida-gida yana da kyau wajen tsara ado, sai dai gidajensa tsawo da faɗi ɗaya ne, saƙa kuwa ba kasafai take haka ba. In zaren tsaye 16 ne a santimita, jifa kuma 12, adon da aka zana gida 48 a tsaye 48 a kwance zai fito da faɗin santimita 3 da tsawon santimita 4. Lu'ulu'un da aka so ya tsaya daidai ya zama dogo. A ninka yawan layuka da 12 a raba da 16, a samu 36: layi 36 za a saƙa, ba 48 ba. Kowa ya ƙirga nasa zaren a santimita guda, kada ya ari lissafin wani.

Sannan a lura da zaren ado mai tsallake. In ya haye sili fiye da 6 ko 7 ba a danne shi ba, farce da zobe za su riƙa kama shi, wanki biyu ya fara lilo. Babban fili na launi ɗaya a sa masa sili mai dannewa a tsakani. Kada kuma a ja zaren adon da ƙarfi: yana matse ƙwarya ta yi ƙugu a wurin ado ta buɗe a fili, bakin ya zama ba miƙaƙƙe ba, tela ya rasa yadda zai gwama shi.

Zubi: wace ƙwarya ce za ta fara da me

Zubi uku aka fi yi: ado ya jeru kafaɗa da kafaɗa ya ratsa zanen, ko ya tsallake gida-gida, ko ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Na farko ya fi kowanne tona asiri, gociyar milimita 3 ma ana ganinta. Mai koyo ya fara da na tsallake.

Na tsallake ƙwarya iri biyu yake bukata, kuma nan ake mantuwa, a saƙa duka iri ɗaya a ce tela zai zame su. In ya zame, sai an yanke gida guda a kan kowace ƙwarya ta biyu, zanen ya gajarce. Ga lissafin zane mai tsawon mita 2 da gida na santimita 10: a bar santimita 5 na baki sama da ƙasa, saura 190, gida 19. Iri na farko ya fara da ado ya ƙare da ado, ado 10 fili 9. Iri na biyu ya fara da fili, ado 9 fili 10. Yawan ƙwarya ya zama mara, kamar 11, shida na farko biyar na biyu, don gefen dama da na hagu su yi kama. Da ƙwarya 12 gefe ɗaya zai ƙare da ado a kusurwa, ɗayan da fili.

Tsakanin ƙwarya da ƙwarya a bar santimita 4 na yanka, a jefa jan zare a tsakiya. Waɗarin wannan zane: mita 22 na ƙwarya 11, kusan rabin mita na yanka, a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda abin da saƙa da wanki ke ci, da kamar mita 1 da ke saura a allera. Mita 26 ke nan. Wanda ya yi waɗarin mita 23 ba zai samu ƙwarya 11 cikakku ba.

Ado mai kai da gindi, irin su allo, dala ko raƙumi, yana da tasa matsalar. Da an yanka ƙwarya an tara, ba a sanin sama da ƙasa sai an lura, ɗaya ta juye ta ɓata sahu. A ɗaura ɗan zare mai launi a kan kowace ƙwarya, a rubuta lambarta da alli. In riga za a ɗinka, a tuna ƙwaryar kafaɗa take hayewa ta sauka baya, adon da ke tsaye a ƙirji zai kife a gadon baya. Ko a juya shi daga tsakiyar ƙwarya, ko a zaɓi wanda ba shi da kai.

Zare da wanki

Auduga ba baƙuwa ba ce a arewacin Kamaru, kamfanin auduga na Sodecoton tun 1974 yake aiki kuma a Garwa hedkwatarsa take, amma abin da ke kan teburin mai zare a kasuwa gauraye ne: na masana'anta, na kaɗin hannu, na roba, da mai ƙyalli. Ba sa shan ruwa iri ɗaya. Auduga takan ja da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wankin farko, na roba kusan ba ya motsi. In fili auduga ne ratsi kuma roba, bayan wanki ratsin zai yi tudu yana kumbura. A saƙa gwaji na santimita 30 da ainihin zaren da za a yi aiki da shi, a auna, a wanke, a shanya, a sake aunawa. In gida na santimita 10 ya koma 9.3, to a masaƙa 10.8 za a riƙa yi, a gyara alamomin ma'auni daidai da haka.

Zaren da aka rina da baba a ɗauraye shi har ruwa ya washe kafin a haɗa shi da fari, in ba haka ba farin gida ya koma toka-toka, bambancin da ke fito da ado ya tafi. Kuma a sayi zaren aiki guda a lokaci guda. Shuɗin tukunya biyu ba ya zama ɗaya, ko da marini ɗaya ne ya rina. In dole ta sa an sami kala biyu, kada a tara masu duhu gefe guda. A saka su ɗaya bayan ɗaya, ko masu duhu su riƙe gefe biyu masu haske su zauna tsakiya.

In aikin ya riga ya sauka a goce

Kafin a kai wa tela, a shimfiɗa duka a tabarma a jera su bisa tsawo, mai kusa da mai kusa. Gociyar santimita 3 tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta, in aka rarraba ta kan ɗinki 10, kowane ɗinki milimita 3 kawai zai ɗauka. Wadda ta gajarta kaɗan a yayyafa mata ruwa a ja ta a hankali, santimita 1 zuwa 2 a mita 2 takan samu, fiye da haka wanki zai mayar da ita. In gociyar ta fi ƙarfin wannan, a saƙa siririyar ƙwarya marar ado a sa tsakanin kowace biyu: ado ya daina taɓa ado, ido ya rasa abin gwadawa. Zanen zai ƙara faɗi, sai a cire ƙwarya ɗaya ko biyu mafi muni.

Keken ɗinki ma yana da nasa laifin, haƙoransa sun fi jan ƙyallen ƙasa, ƙwaryar da ta fito daidai tana iya gocewa a hannun tela. A kafa fil ko a yi ɗaurin allura a farkon kowane gida kafin a hau keke, a fara haɗi daga ƙwaryar tsakiya a yi dama da hagu, kuma a riƙa juya inda ake soma ɗinki, wannan daga sama, na gaba daga ƙasa, don kada zanen ya karkace gefe guda.