Yadda Ɗan Kasuwa Zai Amfana da Musayar Naira da Yuwan

A shekarar 2018 ne Babban Bankin Najeriya ya ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta shekara uku da babban bankin Sin, a kan yuwan (kuɗin ƙasar Sin) biliyan 15, wato naira biliyan 720 a lokacin, aka kuma sabunta ta a 2021 da 2024. Kowane banki yana iya karɓar kuɗin takwaransa ya ajiye nasa a madadi, idan wa'adi ya cika kowa ya mayar da abin da ya karɓa.

A ƙa'idar da aka fitar a 2018, mai shigo da kaya ba ya zuwa babban banki da kansa. Da farko zai nemi wanda yake sayar masa da kaya a Sin ya rubuta takardar farashi da yuwan, domin idan da dala aka rubuta ta, to ba ta shiga wannan tsari. Daga nan sai ya kai takardar bankinsa, ya cika takardar neman shigo da kaya, ya zuba nairar a asusunsa, bankin kuma ya nemi yuwan a madadinsa lokacin da babban banki ya buɗe sayarwa.

Ribar ita ce an kauce wa canji biyu, daga naira zuwa dala sannan zuwa yuwan. Sai dai kuɗin bai kai girman cinikin ƙasashen biyu ba, saboda haka ya kamata ɗan kasuwar Kantin Kwari ya tambayi bankinsa ko akwai yuwan a hannu kafin ya yi wa mai kaya alkawarin ranar biya.