Yadda za ka yi amfani da hash a Python ba tare da kayanka sun ɓace cikin dict ba

A ce wata ƙungiyar manoman albasa a yankin Galmi, cikin jihar Tahoua, ta ba ka aikin rubuta manhajar lissafin buhunan da ke rumbunta. Da wuya ka gama aikin ba ka yi amfani da dict (ma'ajiya mai haɗa kowane makulli da darajarsa) ko set (tarin abubuwa marar maimaici) ba, su kuwa biyun da hash suke tafiya. Idan ka ba dict makulli, Python na kiran hash() a kansa ya samu lamba, da lambar nan yake zaɓen gurbin da zai ajiye shi. Sabon dict a CPython, wato Python ɗin da aka saba amfani da shi, na farawa da gurbi 8, idan kashi biyu cikin uku ya cika sai a faɗaɗa shi. Shi ya sa nema ke da sauri: ba a bin buhu ɗaya bayan ɗaya, kai tsaye ake zuwa gurbin, sannan a tabbatar da ==.

Ƙa'ida guda ce ke riƙe da komai: abubuwa biyu da suke daidai da juna, dole hash ɗinsu ya zama ɗaya. Akasin haka ba dole ba ne. Abubuwa daban na iya samun lamba ɗaya, wato sun yi karo, wannan jinkiri kawai yake kawowa. Karya ƙa'idar kuwa ɓatar da bayanai yake yi, kuma shiru, ba wani gargaɗi.

Nau'o'in da Python ya zo da su ba su da wuya. int, float, str da bytes duk suna da hash. tuple ma haka, muddin duk abin da ke cikinsa yana da shi. list, dict da set ba su da shi don ana iya sauya su. Idan ka sa list a matsayin makulli za ka ga TypeError: unhashable type: 'list'. Maida list ɗin tuple, set kuma frozenset, su ba a iya sauya su. Ka lura cewa 1, 1.0 da True daidai suke a wurin Python, don haka makulli ɗaya ne, na baya zai danne darajar na farko.

Rubutu ne ya fi cin mutane. Tun daga Python 3.3, hash na str na sauyawa duk lokacin da aka tayar da manhaja, da gangan, domin kariya daga masu kai hari. Kada ka taɓa adana shi a fayil ko rumbun bayanai. Idan lamba tabbatacciya kake so, hashlib.sha256 ne wurin zuwa. Sannan ga matsalar da ta shafe mu a Nijar, inda Faransanci da Hausa ke gauraya a takarda ɗaya. Harafin é na iya zama alama guda, ko e da alamar da ke kansa a haɗe. A ido iri ɗaya ne, a wurin kwamfuta makulli biyu ne. Wuce da kowane suna ta unicodedata.normalize("NFC", suna) kafin ka ajiye. Wannan ba zai haɗa maka ƴ da 'y ba: sakatare a Yamai zai rubuta ƴan kasuwa, abokin cinikinsa na Sakkwato ya rubuta 'yan kasuwa. Kai za ka zaɓi ɗaya ka maida sauran gare shi da replace().

Yanzu ga naka nau'in. Idan ka rubuta class Buhu ba ka ƙara komai ba, Python na ɗaukar hash daga shaidar abin a ƙwaƙwalwa, don haka buhu guda da aka karanto sau biyu daga fayil zai zama buhu biyu. Idan ka rubuta __eq__ (mai tantance ==) kaɗai, Python zai maida __hash__ (mai ba da lambar hash) ya zama None, abin ya ƙi shiga set gaba ɗaya. Tare ake rubuta su, kuma da filaye (bayanan cikin class ɗin, kamar rumbu da lamba) iri ɗaya:

class Buhu:
    def __init__(self, rumbu, lamba, nauyi):
        self.rumbu = rumbu
        self.lamba = lamba
        self.nauyi = nauyi

    def __eq__(self, wani):
        if not isinstance(wani, Buhu):
            return NotImplemented
        return (self.rumbu, self.lamba) == (wani.rumbu, wani.lamba)

    def __hash__(self):
        return hash((self.rumbu, self.lamba))

Duba da kyau, nauyi bai shiga ba, kuma a nan mafi yawan masu koyo ke zamewa. Duk wanda ya san albasa ya san tana bushewa a rumbu. A ce buhu ya shiga da kilo 120, bayan wata biyu aka sake aunawa ya koma 110, aka gyara a manhaja. Da nauyi na cikin __hash__, lambar ta sauya, amma buhun na nan zaune a tsohon gurbinsa. Ka tambaya ko yana cikin set, amsa False. Ka buga set ɗin a allo, ga shi ɓaro-ɓaro. Manomi zai ce an ci masa kaya, alhali filin da ke sauyawa aka sa cikin hash. Abin da ba ya sauyawa tsawon rayuwar abu kaɗai ke shiga.

Hanya mafi tsabta a ganinmu ita ce @dataclass(frozen=True), wanda ya zo da Python 3.7. Ka sa rumbu da lamba kawai, shi zai rubuta maka __eq__ da __hash__, ya kuma hana kowa taɓa filayen. Nauyi sai ya zauna a matsayin daraja: nauyi[buhu] = 110.

Kada ka ƙirƙiro lissafin kanka, kamar haɗa hash na filaye biyu da tarawa ko XOR (alamar ^ a Python). Da irin wannan, (3, 7) da (7, 3) lamba ɗaya za su samu, tuple kuwa yana lura da jeri. Mafi muni shi ne return 1: manhaja za ta ba da amsa daidai, amma kowane nema zai koma bin buhuna ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za ka ji nauyin abin ba sai rumbu ya cika a kakar albasa.

Ƙa'idar nan ce a wasu harsunan kwamfuta ma: a Java tsakanin equals() da hashCode(), haka a C++ tsakanin operator== da std::hash idan za ka sa nau'inka cikin unordered_map. Kafin ka miƙa aikin, gina Buhu biyu masu rumbu da lamba ɗaya amma nauyi daban, ka zuba su cikin set: len() ya ba ka 1.